Labarin zuciya a tambayi fuska: tarihin bangon jaridun ƴan makaranta, daga Paris zuwa Yamai

Yau za mu koma baya, mu duba wani abu da ake riƙewa a hannu a buɗe a wuce ba tare da an tsaya an kalle shi ba, wato bangon jaridar ƴan makaranta.

In kunka ɗauki kowace jarida ta ɗalibai, tsohuwa ko sabuwa, abubuwa ƙalilan ne ke kan fuskarta. Akwai suna. Ƙarƙashin sunan akwai ɗan layin da ke faɗin masu ita. Akwai launi, akwai tambari ko zane, akwai lambar fitowa da wata da shekara, akwai farashi. Can ƙasa kuma, ko a shafin ƙarshe, akwai sunan wanda ya ɗauki alhakinta. A tarihin ɗaliban Afirka masu karatu da Faransanci, kowane ɗaya daga cikin waɗanga abubuwa sai da anka zauna anka yi gardama a kansa, wasu ma sun jawo wa masu su kamun ƴan sanda. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don ƙannenmu masu haɗa jarida a lise da jami'a su san abin da sunka gada.

JA DA BAƘI, 1932

A watan Yuni na 1932, wasu samari takwas ƴan tsibirin Martinik da ke karatu a Paris sun fitar da wata siririyar mujalla. Bangonta ja ne wur, an rubuta suna da manyan baƙaƙen haruffa: Légitime Défense, wato kare kai wanda doka ta halatta. Kalma ce ta kotu, wadda mutum ke faɗa in an kawo masa hari ya rama. Sun aro ta ne daga wata ƴar takarda da marubuci André Breton ya buga a 1926, amma a bakinsu ta ɗauki wata ma'ana. Tun kafin mai karatu ya buɗe shafi, an riga an gaya masa cewa akwai wanda ya kawo hari, kuma masu rubutun ramawa suke yi.

Cikin waɗanda sunka sa hannu akwai Étienne Léro, René Ménil da Jules Monnerot. Mafi yawansu ƴaƴan masu hali ne, kuma gidajensu sunka fara kai wa suka, wato manyan Martinik masu kwaikwayon Bature a magana da sutura da rubutun waƙa. Jan launin ma ba don ado ba ne, domin a fili sunka bayyana cewa suna tare da aƙidar kwaminisanci.

Fitowa ɗaya tak mujallar ta yi. Ba ta yi ta biyu ba. Sai a 1979 anka sake buga wannan fitowa guda a Paris, René Ménil ya rubuta mata gabatarwa. Duk da haka, in za a ba da tarihin adabin baƙar fata cikin Faransanci, da wuya a tsallake wannan jan bango.

KALMA GUDA DA ANKA SAUYA, 1935

Ƙungiyar ɗaliban Martinik a Faransa tana da jaridarta mai suna L'Étudiant martiniquais. A watan Maris na 1935, lokacin da Aimé Césaire yana ɗan shekara 21, jaridar ta fito da sabon suna: L'Étudiant noir. Kalma guda anka cire, anka sa wata. Ɗalibin Martinik ya koma baƙin ɗalibi.

Ku dubi abin da kalmar ta buɗe. A unguwar ɗalibai ta Paris a lokacin, ɗan Martinik na gefensa, ɗan Giyan na gefensa, ɗan Afirka na gefensa. Da yawa daga ƴan tsibiran ba su son a haɗa su da ƴan Afirka, suna ganin sun fi su kusa da Bature. Da sunan ya sauya, sai ga Léopold Sédar Senghor ɗan Senegal ya samu wuri a fitowar farko, kusa da Césaire da Paulette Nardal. Léon Damas ɗan Giyan ya bayyana daga baya cewa manufar ita ce a daina wannan rarrabuwa ta tsibiri-tsibiri da ƙasa-ƙasa.

Amma ɗan layin da ke ƙarƙashin sunan bai sauya ba. Yana nan yana cewa jaridar ƙungiyar ɗaliban Martinik ce a Faransa. Babban suna na faɗin buri, ƙaramin layi na faɗin gaskiyar wanda ya biya kuɗin maɗaba'a. Wanda ya iya karanta fuskar jarida, layukan biyu yake haɗawa.

Jaridar ba ta da wani bango na daban, shafinta na farko shi ne fuskarta, shafuffukanta takwas ne. Kuma abin da zai ba ku dariya ko tausayi shi ne, sashen da ta fara da shi na matsalolin ƙungiya ne, a cikinsu har da maganar bursi. Jaridar da ake koya mana a aji a matsayin mahaifar négritude, da kukan kuɗin ɗalibai ta buɗe baki, adabi ya biyo baya. Duk wanda ya san abin da ke fitar da ɗalibanmu kan titi a Yamai ko Damagaram zai gane su.

Akwai kuma darasin lamba da kwanan wata. Shekara da shekaru, masana sun yi ta rubutu kan L'Étudiant noir alhali kofenta ya yi wuyar samu, kuma kowa ya ɗauka cewa kalmar négritude ta fara fitowa a 1939 cikin doguwar waƙar Césaire. Sai a 2008 wani manazarci mai suna Christian Filostrat ya buga hoton fitowa ta 3, ta watannin Mayu da Yuni na 1935, inda Césaire ya riga ya yi amfani da kalmar. Ɗan layin nan mai lamba da wata da shekara, wanda ba wanda ke kula shi, shi ya mayar da tarihi baya da shekara 4. Da ba a rubuta shi ba, da takardar ba ta iya zama shaida.

TAMBARIN DA YA FITO DAGA ƘASAR DOGON, 1947

A ƙarshen 1947 Alioune Diop ɗan Senegal ya kafa mujallar Présence Africaine a Paris. Ba ta ɗalibai ba ce, amma ita ce babbar yayar jaridunsu, ita suke kallo. Abu biyu na fuskarta sun dace da zancenmu.

Na farko tambarinta ne: wani ɗan zane mai siffar mutum, wanda anka ɗauko daga zane-zanen Dogon na ƙasar Mali ta yau. Layuka ne ƙalilan, baƙi a kan fili, ba ya cin tawada, kuma daga nesa ake gane shi. Har yau shi ne a kan littattafan gidan. A zamanin da hoton Afirka a takardun Faransa bai wuce na tallar koko da na ɗan tirayar mai dariya ba, sun zaɓi alamar da ƴan Afirka sunka zana da hannunsu.

Irin wannan siffa ta Dogon, wadda ake kira kanaga, ta hau tsakiyar tutar Tarayyar Mali a 1959, anka cire ta a 1961 bayan da wasu Musulmi sunka nuna rashin yardarsu da siffar mutum a kan tuta. Wannan ya nuna cewa alamar da ta haɗa kan mutane a Paris tana iya raba su a Bamako. Mai zana bango dole ya san idon da zai kalle shi.

Na biyu shi ne jerin sunayen manyan da sunka tsaya mata: André Gide, Jean-Paul Sartre, Albert Camus, Théodore Monod, Richard Wright na Amurka, tare da Senghor da Césaire. Waɗanga sunaye garkuwa ne. Ma'aikacin da zai so hana mujallar shiga Dakar, sai ya yi tunani sau biyu in ya ga sunan Gide, wanda ya karɓi kyautar Nobel a wannan shekara. A 1953 mujallar ta ba ɗalibai fitowa sukutum, ta 14, mai taken Les étudiants noirs parlent, wato baƙaƙen ɗalibai na magana.

SUNAN DA KE ƘASAN SHAFI

A ƙarshen 1950, a birnin Bordo, anka kafa tarayyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wadda anka fi sani da FEANF. Babban taronta na farko an yi shi a Paris a watan Maris na 1951, kuma mace ce ta fara shugabantarta, Solange Faladé ƴar Dahome, mai karatun likita. Magatakarda shi ne Amadou Mahtar M'Bow, wanda daga baya ya shugabanci UNESCO. Ma'aji kuwa namu ne: Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. Ke nan wanga tarihi ba na wasu ba ne can nesa. Ɗan Tasawa ne ya fara riƙe asusun ƙungiyar.

A 1954 FEANF ta fara fitar da jaridarta, L'Étudiant d'Afrique noire. Ku lura da tafiyar sunan cikin shekara 20. Daga ɗalibin Martinik zuwa baƙin ɗalibi, daga baƙin ɗalibi zuwa ɗalibin Afirka baƙar fata. A 1935 launin fata ne ke haɗa su. A 1954 ƙasa ce, ƙasar da ke hannun wani kuma ake neman a karɓo. A wannan zamani ɗaliban RDA na da La Voix de l'Afrique noire, inda Cheikh Anta Diop ya yi rubutu a 1952, ɗalibai Katolika na da Tam-Tam, na Dakar kuma na da Dakar-Étudiant. Murya, ganga, sunan gari: daga sunan kaɗai za ka san wanda ke magana da inda ya tsaya.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi. Dokar ƴan jarida ta Faransa, ta 29 ga Yuli 1881, ta wajabta a rubuta sunan mai ɗaukar alhakin jarida a kan kowane kofe, haka ma sunan maɗaba'a da adireshinta. In jarida ta faɗi abin da hukuma ta ga laifi ne, wannan sunan za a nema. A ƙananan haruffa ake rubuta shi, amma duk shafin ba abin da ya kai shi tsada. Ɗalibin da ya yarda a sa sunansa a nan ya san cewa bursinsa a hannun gwamnatin mulkin mallaka yake, kuma ana iya tasa ƙeyarsa gida ba digiri.

Abin bai tsaya a tsoro ba. Da yaƙin Aljeriya ya yi zafi, FEANF ta tsaya tare da Aljeriyawa, hukumomin Faransa sunka sa mata ido, anka sha kama jaridarta. Cikin waɗanda sunka riƙe ta a waɗannan shekaru akwai Albert Tévoédjrè ɗan Dahome, wanda ya zama minista bayan samun mulkin kai, ya rasu a 2019. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 FEANF ta yi kira da a ce a'a, kamar yadda Sawaba ta Djibo Bakary ta yi a nan gida. Gine kaɗai ta bi wannan hanya. Ita kuwa FEANF, gwamnatin Faransa ta rushe ta a 1980.

ZAMANIN SITANSIL

Mu dawo gida. Ƙungiyar ƴan makarantar Nijar, USN, an kafa ta a 1960, shekarar samun ƴancin kai. Karatun gaba da bakaloriya ya fara a Yamai a 1971, anka mayar da cibiyar jami'a a 1973. Ɗalibin Paris yana iya tara kuɗi ya kai rubutunsa maɗaba'a. Ɗalibin Yamai, ko na lise a Maraɗi da Tawa, abin da ke gabansa shi ne tafireta da sitansil da injin roniyo, irin wanda ake buga takardun jarrabawa da shi. Wannan inji shi ya tsara fuskar takardun ɗalibai a ƙasashenmu na tsawon shekaru, don haka ya kamata matasa su ji yadda yake aiki.

Sitansil takarda ce mai kaki a jikinta. Ana sa ta a tafireta bayan an kawar da zaren tawada, sai kowane harafi ya huda kakin. In mai bugu ya cika ƙarfi, tsakiyar harafin o sai ta faɗo, ta bar ɗigon baƙi a kowane kofe. In ya yi kuskure, sai ya shafa wani ruwa mai kama da jan farce, ya jira ya bushe, ya sake bugawa. Daga nan a naɗa sitansil a jikin gangar inji mai tawada, a riƙa juya hannu, takarda na shiga tana fita ɗaya-ɗaya.

Daga wanga aiki ne siffar bangon ta fito. Haruffan tafireta girmansu ɗaya ne, saboda haka babban suna sai dai a zana shi da hannu, da wani tsinken ƙarfe da rula. Shi ya sa kowace ƙungiya ke neman yaron nan mai kyan hannu da ke zana taswira a kan tablo. Hoto ba ya fita a irin wannan sitansil, sai zane mai layi: dunƙulen hannu, sarƙa da ta tsinke, fitila, alƙalami, buɗaɗɗen littafi, taswirar Afirka. Wuri mai faɗi ba ya cikuwa da baƙi, don sitansil zai yage, sai dai a ja layi-layi kusa da juna. Launi kuwa guda ne, na tawadar da ke cikin ganga. Dabarar da anka samu ita ce a sayo takarda mai launi, shuɗiya ko rawaya ko ruwan hoda, a buga shafin farko a kanta. An samu launi biyu da kuɗin ɗaya. Sai a haɗa shafuffuka a danne da ƙusar takarda biyu ko uku a gefe.

Kada a raina wanga kaya. A Ibadan ta Najeriya, mujallar ɗalibai mai suna The Horn, wadda J. P. Clark ya fara a Janairun 1958, da irin wannan inji anka riƙa buga ta, kuma ta zama ɗaya daga cikin wuraren da sabuwar waƙar Ingilishi ta Najeriya ta fara tsayuwa da ƙafarta.

Siyasa ma ta sa hannu a tsarin shafin. A zamanin jam'iyya guda, da kuma mulkin soja daga 1974, jaridun da ke kasuwa na gwamnati ne: Le Temps du Niger, sannan Le Sahel. Abin da ɗalibai ke bugawa sau da yawa takardar rabawa ce a ɓoye. A nan sai dokar 1881 ta juye. A Paris sunan mutum ne a ƙasan shafi. A irin wagga takarda kuwa sunan kwamiti ne, don in an kama kofe kada a kama mutum. Rashin suna a wancan lokaci yana da dalilinsa, kuma kowa ya san shi.

Akwai wani gurbi da ya shafe mu kai tsaye. Tafiretocin ofisoshinmu na Faransanci ne. Suna da é da è da ç, ba su da ɗ da ƙ da ɓ. An daidaita haruffan Hausa da na wasu harsunan yankin a taron Bamako na 1966, amma inji bai san da wannan ba. Mai son rubuta Hausa daidai sai ya buga d ko k, ya dawo da tsinke ya lanƙwasa musu kai da hannu. Makaranta ta riga ta hana yaro harshensa a aji, inji kuma ya ƙara masa wahala a kan takarda. Saboda haka fuskar rubutun ɗalibanmu ta tashi da Faransanci, ko da masu rubutun da Hausa ko Zabarmanci suke gardama a ɗaki.

Ga lise kuma akwai wata jaridar da ba ta bukatar inji ko kaɗan. Hausa ta haɗa su a kalma guda: bangon littafi da bangon ɗaki. Jaridar bango, wadda ake rubutawa da hannu a manna kusa da ƙofar aji, gaba ɗayanta bango ce. Ba ta da ciki. Abin da za ta faɗa dole ya kama ido a cikin minti goma na hutun rekereyasho.

BAYAN GADAR KENNEDY

Ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai sunka taso daga jami'a za su tsallaka gadar Kennedy, jami'an tsaro sunka buɗe wuta, ɗalibai 3 sunka rasu. Bayan wata uku, a Mayun 1990, jarida mai zaman kanta ta farko a wancan zamani ta fito a Yamai, ta Ibrahim Cheick Diop. Cikinta Faransanci ne, amma sunanta Haské. Daga baya Anfani ta biyo. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, USN na cikin manyan masu faɗa a ji a zauren.

A ganinmu waɗanga sunaye biyu ci gaban tafiyar nan ce da ta faro a 1935. Wancan lokaci an sauya kalma don a faɗaɗa gida. A 1990 an sauya harshen suna don wanda bai shiga lakwal ba ya iya faɗinsa, ya aiki yaro ya sayo, a karanta masa a fada. Kuma sunan mai alhaki ya dawo kan takarda, a fili.

INA MUKE YAU

Yau aiki ya yi sauƙi. Da kwamfuta guda, ko ma da waya, ɗalibi zai haɗa bango mai launi goma da hotuna, ya tura wa ɗaruruwan mutane ta WhatsApp ba tare da ya sayi takarda ko ɗaya ba. Wannan alheri ne, ba mu ce a koma juya roniyo ba. Amma ku ɗauki irin jaridun da kulob-kulob na makarantu ke fitarwa a ƙarshen shekara, ku duba da idon da munka duba na baya.

Sau da yawa babban hoton da ke tsakiya na shugaban makaranta ne, ko na babban baƙon da ya zo biki. Ƙasa kuma tambarin masu tallafi ne a jere, wani lokaci sun fi sunan jaridar girma. Godiya ga wanda ya taimaka wajibi ce, kuma Présence Africaine ma ta jera sunayen manya. Bambancin shi ne ita ta yi garkuwa da su don ta faɗi maganarta. In an cire hoton manya da tambarin masu kuɗi daga bangon jaridar ɗalibai, aka ga ba abin da ya rage, to ɗaliban ba su ce komai ba tukuna. Alhali abin faɗa na nan jibge: aji mai ɗalibai fiye da kujeru, runfunan zana da ake karatu a cikinsu, ƴan mata da ke barin makaranta kafin birbe, masu bakaloriya da ke jiran gurbi.

Sunan ma a dube shi. In sunan jaridarku zai dace da kowace makaranta daga Dakar zuwa Njamena, bai faɗi ko ku su wane ne ba. Hausa ba ta rasa kalmomi ba, kuma yau ɗ da ƙ da ɓ da ƴ suna cikin allon rubutun waya, sai dai a kunna su. Uzurin tafireta ya ƙare.

Sai lamba da wata da shekara, da sunan gari da na makaranta. Wannan shi ne abin da anka fi mantawa, musamman a abin da ake turawa ta waya. Takardar da ba ta da kwanan wata, bayan shekara biyar ko wanda ya rubuta ta ba zai iya rantsuwa kan lokacinta ba. Ku tuna fitowa ta 3 ta 1935. Sannan a sa sunan mai ɗaukar alhaki, da malamin da ke kula da kulob in yara ne ƙanana. A zamanin da saƙonni marasa uba ke yawo suna haɗa faɗa, jaridar da ta ce ga mai ita ta riga ta bambanta kanta.

Na ƙarshe, a buga ko kofe uku ne a takarda. Ɗaya a ɗakin karatun makaranta, ɗaya wurin malami, ɗaya a kai gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa ko ɗakin karatu na IRSH a Yamai. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana share ta don a samu wurin bidiyon biki.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu da kunka yi zamanin sitansil a Lise Dan Baskore, a Amadu Kuran Daga, a Agabba, a Isa Korombe ko a jami'a, muna roƙonku ku buɗe tsoffin akwatunan ƙarfen nan kafin gara ta riga mu, ko yara su kai wa mai ƙosai ta naɗe. In kunka samu wata jarida ko takardar ɗalibai, ku ɗauki hoton shafin farko gaba ɗayansa, daga sama har ƙasa, kada ku yanke gefen da lamba take. Ku turo mana tare da sunan gari da shekarar da kuke tunawa, da sunan wanda ya zana in ya yarda a faɗa. Za mu jera su a nan kowa ya gani.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu gidan gaskiya, ya ba ƴan makaranta sa'a. Sai mun ji daga gare ku.